Maryamu Bethune, 'Yar Bayi Wadda Ta Buɗe Wa 'Ya'yan Talakawa Ƙofar Kwaleji

A wannan wata mun kawo muku labarin wata baiwar Allah ta ƙasar Amurka. Sunanta Mary McLeod Bethune, amma mu za mu kira ta Maryamu. Baƙar fata ce kamarmu, gama daga Afirka aka kwashe kakanninta cikin jiragen bayi. An haife ta a shekara ta 1875, ta rasu a shekara ta 1955.

Dalilin da ya sa muka zaɓi labarinta ke nan. A cikin ekklesiyoyinmu da yawa akwai yara masu kai, waɗanda karatunsu ya tsaya a hanya domin iyayensu ba su da hali. Maryamu ta kusa zama ɗaya daga cikin irin waɗannan yara. Wata mai ɗinki ce, wadda ba ta taɓa ganinta ba, ta biya mata kuɗin makaranta daga cikin zakkarta. Maryamu kuwa ba ta manta ba. Dukan sauran kwanakinta ta yi su tana neman hanyar da 'ya'yan matalauta za su kai ga ilimi mai zurfi, har mutane dubbai suka shiga ta ƙofar da ta buɗe.

Gidan Samuel da Patsy

An haifi Maryamu ran 10 ga watan Yuli, 1875, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Mayesville, cikin jihar Karolina ta Kudu. Sunan ubanta Samuel McLeod, uwarta kuwa Patsy. Dukansu biyu bayi ne a dā. Sun haifi 'ya'ya 17, Maryamu ce ta 15. Yawancin yayyenta cikin bauta aka haife su, amma ita ta zo duniya shekara 10 bayan an gama yaƙin basasar Amurka a 1865, yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar.

An 'yanta bayi, amma ba a ba su gona ba, ba a kuwa ba su ilimi ba. A zamanin bauta dokar Karolina ta Kudu ta hana a koya wa bawa karatu da rubutu, don haka a gidan Samuel babu wanda ya san baƙi. Shi da matarsa suka yi ta fama har suka sayi 'yar gona eka 5, suka gina bukka ta katako, suna noman auduga da shinkafa. Masu tsoron Allah ne, kullum akan yi addu'a a gidansu. Yara duka a gona suke wuni. Masu rubuta labarin Maryamu sun ce tun tana da shekara 9 takan tsinci auduga laba 250 a yini ɗaya.

Patsy tana yi wa Turawan da suka mallake ta a dā wanki, Maryamu takan raka ta kai kaya. Wata rana a can ta ga littafi a wurin wasan 'ya'yan gidan, ta ɗauka. Sai ɗaya daga cikin yaran ta tsawata mata ta ajiye, wai ai ba ta iya karatu ba. Maganar nan ta soke ta ƙwarai. Ta koma gida tana tunani, ko karatu ne ya raba tsakanin zaman gidan nan da zaman gidansu? Daga ran nan ta soma roƙon Allah ya ba ta hanyar koyo.

Zakkar mai ɗinki

Sa'anda Maryamu ta kai wajen shekara 10, Ekklesiyar Presbiteriya ta buɗe makarantar mishan mai ɗaki ɗaya a Mayesville domin 'ya'yan 'yantattun bayi. Malamar baƙar fata ce, sunanta Emma Wilson. Gidan Samuel ba su iya sakin yara da yawa daga gona ba, sai aka saki Maryamu. Tafiyar mil 5 ce a ƙasa. Da yamma in ta komo takan tara 'yan'uwanta ta koya musu abin da ta koyo a ranar. Ba da jimawa ba ta zama mai karanta wa gidan Littafi Mai Tsarki. Lokacin kaka kuwa takan tsaya kusa da ma'auni ta yi wa ubanta da maƙwabta lissafin audugarsu, don kada masu saye su cuce su. Nan ne iyayenta suka fara ganin amfanin karatu da idonsu.

Amma makarantar mishan ɗin ta ƙananan azuzuwa ce kaɗai. Da Maryamu ta gama abin da Malama Wilson ke koyarwa, sai ta koma gona, gama babu kuɗin ci gaba. An ce a kwanakin nan alfadarin gidansu ya mutu, har ya zamana ita da 'yan'uwanta suke jan garma. Da labarin ya tsaya nan, da ba wanda ya ji sunanta, kamar yadda ba mu ji sunayen sauran yara masu kai na ajin nan ba.

A can nesa, a birnin Denver na jihar Kolorado, akwai wata Baturiya mai suna Mary Crissman, daga cikin masu bi da ake kira Quaker. Ba mai arziki ba ce, da ɗinkin riguna take samun abinci. Takan keɓe zakkar abin da ta samu domin aikin Ubangiji. Ta ji labarin makarantun da ake buɗe wa 'ya'yan 'yantattun bayi, sai ta aika cewa za ta ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya, a zaɓi wadda za ta yi amfani da shi. Malama Wilson ta zaɓi Maryamu.

Da haka a shekara ta 1888 Maryamu ta shiga jirgin ƙasa karo na fari, ta tafi makarantar Scotia a garin Concord, cikin Karolina ta Arewa. Makarantar kwana ce ta 'yan mata baƙaƙe, wadda Presbiteriya suka kafa a 1867. A can ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, malamai Turawa da baƙaƙe suna cin abinci a tebur ɗaya. Tana karatu, tana kuma yin wanki da aikin ɗakin girki don ta cika abin da kuɗin mai ɗinkin bai kai ba. Ta gama a 1894.

Mu lura da hannuwan da suka ɗauke ta. Iyaye ne suka haƙura da aikinta a gona, ekklesiya ta kawo makaranta kusa, malama ta gane ta a cikin yara, mai ɗinki ta biya kuɗi shekara da shekaru ba ta gaji ba. Da ɗaya daga cikin huɗun nan ya janye, da karatun ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙofar da mishan ta rufe

Tun tana Scotia Maryamu ta ƙudura a ranta za ta tafi Afirka ta yi aikin bishara a ƙasar kakanninta. Domin wannan ta tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Moody a birnin Shikago, daga 1894 zuwa 1895. A can takan ziyarci fursunoni da unguwannin matalauta tana waƙa, tana shaidar Yesu. Da ta gama sai ta miƙa kanta ga hukumar mishan ta Presbiteriya. Aka amsa mata cewa ba su da gurbin baƙar fata a aikinsu na Afirka.

Ba za mu ɓoye wannan ba, ko da yake mu 'ya'yan aikin mishan ne. A daidai shekarun nan ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko a 1893 suna neman hanyar shigowa ƙasarmu da bishara. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ma'aikata kaɗan ne, zazzaɓi yana cinye su. Ga kuwa wata 'yar Afirka mai horo, mai ƙarfi, a shirye, amma wata hukumar mishan ta komar da ita saboda launin fatarta. Masu bi ma sukan rufe ƙofar da Allah bai rufe ba.

Abin ya yi wa Maryamu zafi ƙwarai, amma ba ta bar bangaskiya ba. Ta gane cewa 'ya'yan Afirka da ke Amurka su ma suna bukatar Almasihu da makaranta. Ta koma kudu ta kama koyarwa. A birnin Augusta na jihar Jojiya ta yi aiki a makarantar Haines ƙarƙashin Lucy Laney, wata baƙar mace wadda ta kafa makaranta da kanta. A wurinta Maryamu ta ga yadda ake riƙon makaranta. A 1898 ta auri wani mai suna Albertus Bethune, a 1899 suka haifi ɗa, Albert. Sa'an nan suka ƙaura zuwa Palatka cikin jihar Fulorida, inda ta riƙe makarantar mishan shekara 5.

Dala ɗaya da rabi

A lokacin nan ana aikin hanyar dogo a gabar gabas ta Fulorida, ana kuma gina manyan masaukai domin attajiran arewa masu zuwa gudun sanyi. Leburori baƙaƙe da yawa suka taru a garin Daytona da iyalinsu, 'ya'yansu kuwa suna yawo babu makarantar kirki. Maryamu ta tafi can a 1904. Dukan abin da ke hannunta dala 1 da rabi ne. Ta sami wani tsohon gida wanda kuɗin hayarsa dala 11 ne a wata, ta roƙi mai gidan ya yi mata haƙuri har ta samu. A watan Oktoba na shekarar ta buɗe makaranta da 'yan mata 5 da ɗanta Albert.

Ba ta da kayan aiki ko ɗaya. Takan zaga bayan masaukan attajirai ta tsinci akwatunan katako da fasassun kujeru da tsofaffin kwanoni, ta wanke, ta gyara. Akwati ya zama tebur. Gawayi ya zama fensir. Ruwan waɗansu 'ya'yan itace na jeji ya zama tawada. Da dare takan gasa wani abinci mai zaƙi na dankali, da safe a kai wa leburori su saya. Takan hau keke ta bi gida gida da ekklesiya ekklesiya tana roƙon taimako. Cikin shekara 2 almajiranta suka kai wajen 250.

Gidan haya ya yi musu kaɗan. Filin da ta iya saye kuwa jujin gari ne, wanda mutane suke kira Ramin Jahannama. Aka yi ciniki a kan dala 250, ta ba da kafin alƙalami dala 5 daga cinikin abincin nan, ita da yara da iyayensu suka kwashe shara. A 1907 suka shiga gininsu na fari, ta sa masa suna Zauren Bangaskiya. Cikin shekarar nan kuma mijinta ya bar ta ya koma Karolina ta Kudu. Ba su sāke zama tare ba har ya rasu a 1918. Ta ɗauki wannan nawaya tare da sauran.

Maryamu ba ta jin kunyar tunkarar masu dukiya. Ta koya wa 'yan matan waƙoƙin yabo, takan kai su su raira a masaukan baƙi, sa'an nan ta faɗi bukatar makaranta. Ta gayyaci James Gamble, na kamfanin sabulu na Procter da Gamble, ya zama ɗaya daga cikin masu riƙon amanar makarantar. Da ya zo ya tarar teburinta akwati ne, amma ya ga yadda take lissafin kowane kwabo, sai ya yarda, ya kuwa tsaya da ita shekaru da yawa. Thomas White, mai kamfanin kekunan ɗinki, shi ma ya taimaka ƙwarai.

Tun da asuba akan tashi 'yan matan a fara da Littafi Mai Tsarki. Suna koyon karatu da lissafi, suna koyon ɗinki da girki da noma, gama da aikin hannunsu makarantar take ci. Ran Lahadi da yamma akan yi taro a makarantar, Turawa da baƙaƙe su zauna a gauraye, ko da yake dokar jihar ta ce a raba su. Wata rana wata almajira ta kamu da ciwon ciki mai bukatar a yi mata aiki, asibitin gari kuwa na Turawa ne, da ƙyar aka karɓe ta. Saboda wannan Maryamu ta buɗe asibiti mai gado 2 a 1911, ta sa masa sunan iyayenta, daga baya ya kai gado 20.

A 1920 aka ba matan Amurka 'yancin jefa ƙuri'a. Amma a kudu ana hana baƙaƙe ta wurin haraji na musamman da jarrabawar karatu. Maryamu ta buɗe ajin dare domin manya, ta tara kuɗin harajin. Sai 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu rufe fuska da fararen mayafai, suka ratsa makarantar da dare don su razana ta. Ta fito ta tsaya a fili, 'yan matan suna raira waƙar yabo, har mutanen nan suka wuce. Da ranar zaɓe ta zo ta ja mutanenta suka tafi, aka bar su a tsaye har yamma, amma sai da suka jefa ƙuri'a.

Daga makaranta zuwa kwaleji

A zamanin nan yawancin Turawa masu ba da taimako sun fi so a koya wa baƙaƙe aikin hannu kaɗai, 'yan mata su iya wanki da girki, samari su iya sassaƙa. Maryamu ba ta raina aikin hannu ba. Amma ta san jama'ar da ba ta da malamai da likitoci da lauyoyi da fastoci masu ilimi daga cikinta, kullum a hannun waɗansu za ta zauna. Jami'o'in gwamnati na Turawa a jihohin kudu kuwa ba su karɓar baƙar fata kome ƙoƙarinsa. Jami'ar Fulorida ba ta karɓi baƙin ɗalibi ba sai a 1958, shekara 3 bayan rasuwar Maryamu.

Akwai wata matsala kuma. Ko da an gina kwaleji, wa zai shiga? Makarantun baƙaƙe na ƙauyuka sukan buɗe watanni kaɗan ne a shekara, na sakandare kuwa ba su da yawa. Yaron da bai sami tushe ba, ba shi da ikon hawa bene. Don haka Maryamu ta yi ginin daga ƙasa. Ta fara da ƙananan azuzuwa, ta ƙara na sakandare, ta ƙara horon malamai da na masu jinya, sa'an nan ta nufi kwaleji.

Nauyin ya fi ƙarfin mace ɗaya mai yawon roƙo. A 1923 ta yarda aka haɗa makarantarta da makarantar Cookman ta birnin Jacksonville, wadda Ekklesiyar Metodis ta kafa a 1872. Da haka samari suka shigo, Metodis kuma suka ɗauki wani sashi na nauyin. Ba abu mai sauƙi ba ne mutum ya sa abin da ya gina da hannunsa a ƙarƙashin waɗansu, balle Maryamu wadda aka sani da son a yi abu yadda ta ce. Amma ta fi so makarantar ta rayu bayanta. A 1931 aka amince da ita a matsayin kwaleji mai karatun shekara 2, ana kiranta Kwalejin Bethune-Cookman. A 1941 aka yarda ta yi karatun shekara 4, a 1943 kuwa ɗalibanta na fari suka karɓi digiri. Daga 'yan mata 5 zuwa digiri na fari shekara 39 ke nan. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Dukan shekarun nan bashi bai rabu da ita ba. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan leburori ne da manoman haya, ba su iya biyan cikakken kuɗi. Da yawa da aiki suke biya, a gona ko ɗakin wanki ko ɗakin girki, kamar yadda ita ma ta yi a Scotia.

Aikin gwamnati

A 1929 tattalin arzikin Amurka ya faɗi. Bankuna suka rushe, mutane miliyoyi suka rasa aiki, ɗalibai da yawa suka bar makaranta. Baƙaƙe ne suka fi shan wuya, gama su ake fara kora daga aiki. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa Hukumar Matasa ta Ƙasa. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne ta ba ɗalibi matalauci ɗan aiki a makarantarsa, kamar jera littattafai ko aikin ofis ko gyaran fili, gwamnati ta biya shi. Ɗalibin kwaleji yakan sami kamar dala 15 a wata. Kuɗin ba yawa, amma ga ɗan talaka shi ne ya raba tsakanin zama da komawa gida.

Maryamu ta riga ta yi suna a lokacin nan. Ta shugabanci babbar ƙungiyar mata baƙaƙe daga 1924 zuwa 1928, a 1935 kuma ta kafa Majalisar Mata Baƙaƙe ta Ƙasa. Ta kuma yi abuta da Eleanor, matar Shugaba Roosevelt. A 1936 aka sa ta bisa sashen hukumar nan mai lura da al'amuran baƙaƙe. Kafin ita babu baƙar mace da ta taɓa riƙon muƙami mai girma haka a gwamnatin Amurka.

Da ta shiga aikin sai ta ga inda ruwa yake zurarewa. Daga birnin Washinton ake aika kuɗi, amma ma'aikatan jihohi ne suke rabawa, a kudu kuwa dukansu Turawa ne, rabon baƙaƙe yakan ƙanƙance a hanya. Ta yi ta matsa wa manya lamba har aka naɗa baƙaƙe a ofisoshin jihohi da yawa don su sa ido. Ta yi ta tafiya jiha jiha tana duba aikin da kanta. Ta kuma lura cewa in an raba kuɗi bisa ga yawan ɗaliban da suka riga suka shiga kwaleji, waɗanda aka daɗe ana hana su shiga za su ci gaba da zama a baya. Don haka ta roƙa aka keɓe wani asusu na musamman domin baƙaƙe masu karatun kwaleji da na gaba da digiri na fari. Ɗalibai fiye da 4,000 suka amfana da shi. Daga cikinsu aka sami malamai da shugabannin makarantu waɗanda suka koyar da na bayansu.

A 1942 ciwon fuka ya sa ta sauka daga shugabancin kwalejinta, ko da yake ta sāke riƙe shi daga 1946 zuwa 1947. A 1943 majalisar ƙasar ta tsayar da kuɗin Hukumar Matasa, aikin ya mutu. Taimakon gwamnati yakan zo, yakan kuma tafi. Ƙananan kwalejojin baƙaƙe kuwa kowace tana yawon roƙonta ita kaɗai, a ƙofofin mutane ɗaya. Sai Frederick Patterson, shugaban kwalejin Tuskegee, ya kawo shawara su haɗa roƙonsu wuri ɗaya su raba abin da aka samu. Maryamu ta goyi bayansa. A 1944 aka kafa asusun haɗin kai na kwalejojin baƙaƙe da kwaleji 27. Asusun nan yana aiki har wa yau, yana biya wa 'ya'yan marasa hali kuɗin karatu.

Ƙarshen kwanakinta

A 1945 Maryamu tana cikin masu ba wakilan Amurka shawara a taron San Francisco inda aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1952 gwamnatin Amurka ta aike ta ƙasar Laberiya wurin bikin rantsar da Shugaba William Tubman. Da haka ta taka ƙasar Afirka tana da shekara 76, shekara 57 bayan hukumar mishan ta komar da ita.

Ran 17 ga watan Mayu, 1954, kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantun gwamnati bisa ga launin fata ya saɓa wa dokar ƙasa. Allah ya bar ta ta ji wannan da kunnenta. Bayan shekara ɗaya, ran 18 ga watan Mayu, 1955, zuciyarta ta tsaya a gidanta na Daytona. Aka binne ta a harabar kwalejin, a filin nan da ya kasance juji a dā. A 2007 kwalejin ta zama jami'a. A 2022 jihar Fulorida, wadda jami'arta ba ta karɓi baƙar fata ba dukan ran Maryamu, ta kafa siffarta ta farin dutse a ginin majalisar ƙasa a Washinton, a madadin ta wani janar wanda ya yi yaƙi a gefen masu riƙon bayi.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, Allah bai hana gidan talaka kai ba. Abin da yakan tsayar da ɗan talaka shi ne nisan makaranta, da raunin tushe, da rashin kuɗi, da rashin wanda zai faɗi sunansa inda ake zaɓe. Maryamu ta gamu da huɗun nan ɗaya ɗaya tun tana yarinya, ta kuwa yi yaƙi da su ɗaya ɗaya da ta girma. Duka kuwa daga zakkar mai ɗinki ɗaya aka fara. Wannan yana tuna mana da yaron nan na cikin Bishara ta Yohanna sura 6, wanda ya miƙa ɗan guzurinsa, Ubangiji ya ciyar da taro da shi.

Bari dattawan kowace ekklesiya su zauna su bincika. Yara nawa ne a cikinmu suka ci jarrabawar shiga jami'a ko kwaleji, amma suna zaune a gida saboda kuɗi? 'Yan mata nawa ne a cikinsu? Marayu fa? Malaman makaranta da ke cikinmu sun san sunayensu, sai mu tambaye su. In iyali ɗaya ba su iya ɗaukar yaro ɗaya ba, zumuntar mata za ta iya, ko gunduma ta haɗa baiko a ajiye a hannun amintattu masu ba da lissafi a fili. In kuwa mun ɗauki yaro, kada mu sake shi a tsakiyar kogi, mu kai shi har gaci. Kada kuma mu duba kabilarsa ko gidan da ya fito, domin kada mu yi irin laifin da aka yi wa Maryamu a 1895.

Ku kuma da waɗansu suka biya muku kuka yi karatu, kuna cin albashi yau, ku tuna akwai wani yaro a garinku wanda ya gama abin da makarantar ƙauye ke koyarwa, ya koma gona. Ubangiji ya ba mu idon ganinsa, da zuciyar ɗaukar nauyinsa. Amin.